Zamananci a Ƙasar Gobir: Baƙo ne ko Ɗan Gida?

Babu mai musu a kan mota a Isa, babu mai musu a kan wayar hannu a Sabon Birni. Malamin zaure yana da tasa, makaɗi yana da tasa, har ɗan bindigar da ke daji yana da tasa. Gardamar tana kan wata ɗabi'a da ke tafe tare da waɗannan kayayyaki, wato ganin cewa abin da aka gada ba ya zama daidai don kawai an gaje shi, kuma mutanen kowane lokaci suna da ikon su zauna su tace, su riƙe wani su zubar da wani. Wannan ɗabi'a ita ce zamananci. A fasaha takan sa mawaƙi ko mai zane ya karya tsarin da ya tarar. A tunani takan ɗora hujja bisa kujerar alƙali. A addini kuwa takan sa almajiri ya buɗe littafi da kansa, ya dubi malaminsa ya ce, "Allah gafarta Malam, mene ne dalili?"

Masana tarihi sukan kai asalin abin Turai da Masar. A 1907 Picasso ya yi wani zanen mata biyar a Faris wanda ya yi fatali da ƙa'idojin da Turawa suka bi ɗaruruwan shekaru, kuma sassaƙaƙƙun fuskoki na Afirka suna cikin abin da ya ba shi ƙarfin hali. A shekarar nan dai Paparoma Pius na 10 ya fitar da wasiƙar yin tir da limaman Katolika masu son auna Baibul da ma'aunin tarihi da kimiyya, a 1910 kuma aka ɗora wa limamai rantsuwar barranta daga wannan ra'ayi. A Alƙahira, Shaihu Muhammad Abduh, muftin Masar da ya rasu a 1905, ya ƙare rayuwarsa yana yaƙi da taƙlidi, yana cewa wahayi da hankali ba sa karo. A cikin waɗannan 'yan shekarun ne Sakkwato ta faɗa hannun Ingila, a watan Maris na 1903, kuma Ingila da Faransa suka ja layin da ya bar Tsibiri a Nijar, Sabon Birni a Nijeriya. Shi ya sa mutane da yawa a nan suke ɗaukar zamananci kaya ne da Nasara ya sauke. Wasu kuma suka ce a'a, Nasara ya tarar da shi.

Masu cewa ɗan gida ne

Waɗannan suna fara hujjarsu da Alƙalawa, tsohuwar fadar sarakunan Gobir, wadda kufanta ke ƙasar Sabon Birni har yau. A can ne, in ji su, aka yi gardama mafi girma a ƙasar Hausa tsakanin gado da hujja, shekara ɗari kafin zuwan Turawa. Sarakunan Gobir Musulmi ne, suna salla suna azumi, amma mulkinsu a kan al'ada yake tsaye: mai sarautar Inna tana riƙe da bori, ana karɓar jangali da kuɗin ƙasa yadda aka ga dama, fada tana jiran gaisuwa kafin ta saurari ƙara. Sai wani malami daga Degel, Shehu Usmanu, ya tashi ya ce kowane ɗaya cikin waɗannan a kawo dalilinsa. Wajen 1788, a taron idi na Magami, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya yi wa malamai kyauta, Shehu Usmanu ya ƙi karɓar tasa, ya nemi abu biyar a madadinta: a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama mai rawani, a saki fursunoni, a sassauta wa talakawa haraji. Masu wannan ra'ayi suna cewa duk wanda ya dubi buƙatun nan bai ga 'yancin faɗin albarkacin baki da haƙƙin talaka ba, to dama bai so gani ba.

Suna ƙarawa da batun mata. Shehu ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, ya bar mata suna halartar wa'azinsa duk da zargin da hakan ya jawo masa. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'yan taru, inda ake naɗa jaji ta riƙa kai karatu ga matan ƙauye. Manyan littattafan jihadi da Larabci suke, amma an tsara waƙoƙin wa'azi da Fulatanci da Hausa don makiyayi da manomi su ji da kunnensu ba tare da tafinta ba. Fitar da ilmi daga hannun 'yan tsiraru zuwa bakin jama'a shi ne abin da Abduh da mujallar al-Manar suka zo suna fafutuka a kai bayan shekara ɗari. Akwai ma wata shaida da na fi so: da Muhammadu Bello ya yi musayar wasiƙu da Shehu al-Kanemi na Barno a kan halascin jihadin, ya shigar da hujjojin abokin gardamarsa cikin littafinsa Infaƙul Maisuri, ya bar mai karatu ya ga ɓangarorin biyu. Mai tsoron tambaya ba ya yin haka.

Amsar masu cewa baƙo ne

Masu adawa gida biyu ne, kuma ba sa ga maciji da juna.

Gida na farko malamai ne. Suna cewa kiran Shehu ɗan zamani ɓatanci ne da aka naɗe cikin yabo. Shehu mujaddadi ne. Ɗan zamani yana auna addini da ma'aunin lokacinsa, mujaddadi kuwa yana auna lokacinsa da ma'aunin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da sahabbansa. Burin littafinsa Ihya'us Sunna shi ne raya sunna da kashe bidi'a, alhali ƙirƙirar sabo ita ce abin alfaharin zamananci. Shehu Baƙadire ne, mabiyin mazhabar Malikiyya, kuma bai taɓa cewa hankali zai yi wa nassi gyara ba. Don mutum biyu duk sun tambayi dalili, in ji su, hakan bai mai da su ɗaya ba. Sai an duba wane irin dalili kowannensu zai karɓa ya yi shiru.

Gida na biyu wasu Gobirawa ne masu kishin tarihin kakanninsu, kuma su ba a cika jin muryarsu a takarda ba. Sun yarda an tace, sai dai suna so a lissafa abin da tacewar ta ci. Alƙalawa ta faɗi a hannun masu jihadi a 1808, Sarki Yunfa ya mutu a cikinta. A 1836 aka sake karya Gobir a Gawakuke. Waɗanda suka tsira suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya Ɗan Halima ya ɓalle ya kafa Sabon Birni. Sarautar Inna tana nan a Tsibiri, amma a wannan gefen iyaka bori ya koma bayan gida. Tsagen Gobirci da wanzami ke yi wa jariri, wanda da shi ake gane Bagobiri tun daga nesa a kasuwar Shinkafi ko ta Maraɗi, yanzu da wuya ka gan shi a kumatun yaro ƙarami. Duk mai gyara, in ji su, ko da rawani ya zo ko da kwat, hanyarsa ɗaya ce: ya kira abin da ya tarar jahilci, ya share shi, abin da aka share kuma ba ya dawowa ko an yi da-na-sani.

Kotso da fiyano

A fagen fasaha gardamar ta fi daɗin sauraro, domin Isa tana da shaidar da kowane ɓangare ke son ja zuwa gefensa: Ibrahim Narambaɗa Tubali, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa Amadu.

Masu adawa suna cewa a saurari Narambaɗa, sannan a saurari abin da ke fitowa daga sitidiyo. Kotso da hannu ake buga shi, makaɗi yana matse tsarkiya yana saki don fata ta bi hawa da saukar magana. Jagora ya jefa ɗa, 'yan amshi su cafe su ƙarasa, wani lokaci su ƙara nasu, kuma wannan fahimtar juna ba ta samuwa sai an shekara ana kwana ana tashi tare. Zambo yakan zo a lulluɓe, sai wanda ya san rikicin gidan sarauta zai gane wa aka harba. Yau kuwa yaro ɗaya da fiyano ɗaya sun wadatar. Na'ura ta daidaita murya, waƙa ta fito da la'asar, ta mutu washegarin zaɓe. Kuma sun san dalilin abin. Tun da aka karɓe kotu da 'yan doka da gidan yari daga hannun En'e a ƙarshen shekarun 1960, sannan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya raba sarakuna da baitulmali, fada ba ta da abin riƙe makaɗi da iyalinsa da 'yan amshinsa. Makaɗin da ya rasa ubangida dole ya bi mai kuɗi, mai kuɗi kuwa ba ya da haƙurin jiran waƙa ta nuna.

Na taɓa jin wannan gardamar a taƙaice a rumfar wani mai cajin waya. Wani dattijo ya miƙa wayarsa ya ce a ɗora masa Narambaɗa a memori. Saurayin ya yi dariya ya ce, "Baba, wanga kiɗi ai ya tsuhwa. In sa maka na zamani?" Dattijon ya ce, "Yaro, mi kas sani ga kiɗi? Wanga da kaka rainawa, ko kakanka bai gama gane shi ba." Saurayin ya ɗora masa, dattijon ya biya, ya manna wayar a kunne ya tafi.

Magoya bayan zamananci suna cewa amsarsu ta farko tana hannun dattijon nan. Ba don na'urar ɗaukar magana ba, da muryar Narambaɗa ta bi shi kabari. Faifai ne ya riƙe ta, rediyon Kaduna ya kai ta Kano da Damagaram da Kumasi, kaset ya shigar da ita motocin haya, masana jami'a irin su Farfesa Aliyu Muhammad Bunza suka mai da ita abin nazari. Amsa ta biyu ta fi zurfi. Suna cewa Narambaɗa da kansa ɗan zamani ne a ma'anar da masu nazarin fasaha ke nufi, domin a waƙarsa Bakandamiya bai tsaya ga yabon sarki ba, ya juyo yana maganar waƙa ita kanta da matsayinsa a cikinta. Mai fasahar da ya mai da fasaharsa abin dubawa, in ji su, ya taka matakin da Turawa ke ƙirgawa cikin alamomin zamananci.

Masu adawa ba su bar wannan ta wuce ba. Kirarin kai, suka ce, tsohon abu ne a Hausa. Ɗan dambe yana yi, maharbi yana yi, ba sai an je Faris an aro masa suna ba. Ni ma a nan na fi karkata gare su. Sai dai akwai abin da ɓangarorin biyu suka tsallake: yawancin abin da ake kira waƙar zamani ba ta da ko ƙwayar zamananci. Kayan kiɗan ne sababbi. Karin an ɗebo shi daga finafinan Indiya, jigon kuma shi ne dai yabon mai bayarwa da zagin abokin hamayyarsa, ba tare da gwanintar da ta sa ake yafe wa makaɗan fada ba. In ana neman masu karya tsari da saninsu a Arewa, sai a dubi Sa'adu Zungur da ya ɗauki karin waƙar wa'azi ya zuba masa siyasa, ko ɗaliban zane na Zariya da suka kafa ƙungiya a 1958, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka ƙi kwaikwayon malamansu Turawa, suka koma ga zanen gidajensu da kayan aikin makaranta.

Wa ne ɗan zamani a masallaci?

A 1978 aka kafa Izala a Jos ƙarƙashin Shaihu Isma'ila Idris, da tasirin karantarwar Shaihu Abubakar Gumi. Ba a daɗe ba ta bazu a garuruwan Arewa, ta ƙetara iyaka zuwa Maraɗi, inda wasu Alhazan kasuwa suka rungume ta. Magoya bayan zamananci suna cewa a bar abin da take faɗa a dubi yadda take aiki: rajista da gwamnati, shugaba da sakatare da ma'aji, 'yan agaji cikin yunifom, makaranta mai aji da jarrabawa, karatun matan aure, tafsiri a rediyo da kaset, fassarar Alƙur'ani da Hausa a hannun tela da direba. Ta ce a rage ɓarnar kuɗi a biki da suna, ta ce a daina durƙusa wa mutum. Wannan duka ya yi daidai da bukatar ɗan kasuwa da ma'aikaci da ke son ya tsaya da ƙafarsa. Masani Ousmane Kane, a littafinsa na 2003 a kan Izala a Kano, ya ɗauke ta wani nau'i na zamanancin Musulmi.

'Yan Izala ba sa karɓar wannan kyautar. Su a wurinsu komawa suke yi ga magabata na ƙwarai, kuma kalmar ɗan zamani zagi ce da suke jifan wasu da ita. 'Yan ɗariƙa kuwa sun yarda da masanin ɗari bisa ɗari, sai dai a matsayin tuhuma: ƙwarai 'yan zamani ne, shi ya sa suka yanke silsila, suka ɗauki littafi ba malami, suka raba masallacin Juma'a, ɗa ya daina bin ubansa salla. Amma su ma ba a bar su a baya ba. Shaihu Ibrahim Inyas na Kaulaha da jirgin sama ya riƙa zagaya almajiransa, Fityanul Islam ta 'yan ɗariƙa ita ma ƙungiya ce mai reshe da 'yan agaji, kuma mauludin yau da lasifika ake yin sa, ana watsa shi kai tsaye a Facebook.

Batun shari'a ma haka ya ƙi zama a gefe ɗaya. A 2000, zamanin Gwamna Attahiru Ɗalhatu Bafarawa, ɗan garin Bafarawa ta ƙasar Isa, jihar Sakkwato ta bi sahun Zamfara wajen faɗaɗa shari'ar Musulunci zuwa manyan laifuka. Jaridun waje suka ce an koma baya. Amma ta majalisar dokoki aka bi, aka rubuta kundi mai sashe-sashe da lamba, aka bar ƙofar ɗaukaka ƙara a buɗe. Ta wannan ƙofar Safiya Husaini, wadda kotun shari'a ta yanke wa hukuncin kisa, ta kuɓuta a watan Maris na 2002, kuma cikin dalilan kotun har da cewa ba a hukunta mutum da dokar da ba ta fara aiki ba lokacin da ake zargin ya yi laifin. Malamai suna kafa hujja da wannan hukunci cewa shari'a tana da rahamarta tun asali. Lauyoyi kuma suna cewa tsarin kotun zamani ne ya yi aikinsa.

Hujjar da ta fi ciwo

Hujja mafi ƙarfi a hannun masu adawa ba ta cikin littafi. Suna cewa a dubi abin da zamani ya sauke a gabashin Sakkwato ba tare da an roƙa ba: babur mai ratsa daji, bindiga mai sarrafa kanta, wayar da ake cinikin fansa da ita. A watan Satumba na 2021 sai da gwamnati ta katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14, har da Isa da Sabon Birni, mutanen bakin iyaka suka koma lalubar layin Nijar. Dubban iyalai sun gudu zuwa jihar Maraɗi. A watan Agusta na 2024 'yan bindiga suka kashe Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, bayan an nuna shi a ɗaure a bidiyo. An shekara ana koya wa yaro cewa sarki mutum ne kamarsa, malami yana kuskure, uba bai san zamani ba, in ji su, to ga yaron nan ya yarda, kuma ba a ba shi wani abin da zai ji wa kunya a madadinsu ba.

Magoya baya suna amsawa cewa wannan kayan zamani ne aka sauke ba tare da tunaninsa ba. Yaran da ke daji ba tambayar dalili ce ta kai su ba. Mafi yawansu ba su zauna a aji ba, ba su kuma daɗe gaban allo ba. Abin da aka rasa shi ne makaranta, da kotun da makiyayi da manomi za su yarda da ita, da hukumar da za a iya tuhuma. Waɗannan kuwa zamananci ne ya yi alkawarinsu, rashin cika alkawarin kuma laifin masu mulki ne.

Inda hujjoji suka tsaya

A ganina ɓangaren farko ya ci gardama ɗaya: tambayar abin da aka gada ba Bature ya kawo ta Gobir ba, kuma duk mai cewa kakanninmu ba sa musu bai karanta abin da suka rubuta ba. Malamai su ma sun ci tasu, domin tambayar Shehu tana da inda take tsayawa, wato nassi, alhali ta Picasso ba ta da shinge. Gobirawa masu kuka da abin da aka share ba a ba su amsa mai gamsarwa ba, kuma ban ga alamar masu gyara na kowane ɓangare sun damu su ba su ba.

Abin da ya rage a buɗe shi ne ko tambaya tana yarda ta tsaya inda malaminta ya ce ta tsaya. A Masar ba ta yarda ba. Daga da'irar Abduh ɗaya Rashid Rida ya fito ya nufi Salafiyya, Ƙasim Amin ya fito da littafin 'yancin mata a 1899, Ali Abdurraziƙ kuma a 1925 ya rubuta cewa halifanci ba rukunin addini ba ne, har malaman Azhar suka fitar da shi daga sahunsu. Saurayin Isa ko Bafarawa da ya koyi neman hadisi a kan mauludi yana iya tsayawa nan iyakar rayuwarsa. Yana kuma iya juyawa da tambayar nan ga malamin da ya koya masa ita, ko ga ɗan majalisar da ke zuwa da buhun shinkafa duk shekara huɗu, kuma kowane ɓangare na wannan gardama yana da wanda ba zai so a yi wa tambayar ba.